Gashin Sheftali da Mishmish: Wanne Ne Na Garwashi, Wanne Ne Na Obin?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Wata takwas ke nan da na biyo maigidana Ankara ta Turkiyya, inda yake karatu. Tunda zafi ya shigo, kasuwar unguwarmu ta cika da 'ya'yan itatuwa masu ƙwallo ɗaya a ciki, su sheftali, kayisi, erik da kiraz, ga su da araha. Na ga maƙwabciyata tana gasa su, ni ma na gwada. A kan wayar gashi rabi ya manne, rabi ya zube cikin wuta. Da na sa a obin kuma sai ya fito ruwa tsululu, ga tsami. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, ya baƙunta? Tun a kasuwa aka yi kuskuren, wuta kawai ta tona shi. Ina kyautata zaton kin yi zaɓen da muka saba yi wa mangwaro a gida, wato ki ɗauki wanda ya fi laushi da ƙamshi. Wannan na sha ne a tsaye, ruwa na bin gwiwar hannu. Idan kika ɗora shi a kan waya, tsokarsa da ta riga ta saki ba ta da ƙarfin da za ta riƙe kanta, sai ta bi ramukan wayar ta faɗa toka.

Bari mu fara daidaita sunaye, don in kin shiga neman girke-girke za ki gamu da su da harsuna uku. Kayisi shi ne mishmish na Larabawa, wanda ake yin ƙamaruddin da shi lokacin azumi. Sheftali shi ne khaukh, masu Turanci su ce fich, asalinsa kuma daga Sin ya fito. Nektarin sheftali ne da ba shi da gashi-gashin fata, duk abin da zan faɗa a kan ɗaya ya hau ɗayan. Erik shi ne barƙuƙ, kiraz shi ne ceri mai zaƙi, ƙanwarsa mai tsami kuma Turkawa suna ce mata bishne. Dukansu dangi ɗaya ne da almon. Ginin jikinsu ba baƙo ba ne a wurinmu: fata, tsoka, sai ƙwallo mai tauri a tsakiya, kamar mangwaro, ɗinya, tsada, magarya da atilin Jos. Abin da ya hana su zama a gonakin Kano shi ne bishiyarsu sai ta sha sanyin hunturu mai tsawo kafin ta yi fure yadda ya kamata. Ke kuwa kin faɗo tsakiyar gidansu, domin Turkiyya ce kan gaba a duniya wajen noman mishmish da kiraz. Malatya ta yi suna da mishmish, Bursa da sheftali.

To, ga abin da nake so ki riƙe ko da kin manta sauran: babban yatsanki ne zai raba miki su gida biyu. Ki danna a hankali a kafaɗar ɗan itacen, kusa da inda aka tsinko shi. Wanda ya ɗan lotsa kaɗan amma yana da ƙarfi a ƙasa, ga ƙamshi ya fara fita, na garwashi ne. Wanda yatsa ya nutse a cikinsa, ko ya bugu a gefe, ko ya kwana uku a kicin ya fara yamushewa, na obin ne, can ne laushinsa zai zama alheri. Wanda kuma ya yi tauri kamar dutse, ki duba launinsa. Jan kumatun sheftali ba shaidar nuna ba ce, gefen da rana ta buga ne kawai. Ki duba launin da ke ƙarƙashin jan, musamman kewayen gindi. In rawaya ne ko ruwan madara, ki ajiye shi a kan tebur cikin jakar takarda kwana biyu zuwa uku, zai yi laushi. In da saura kore a wurin, an cire shi da wuri, zai yi laushi amma zaƙi ba zai zo ba, domin waɗannan 'ya'yan ba sa ƙara wani sukarin kirki bayan sun bar bishiya. Kiraz ma ko laushin ba ya ƙarawa, yadda kika saye shi haka zai zauna har ya lalace.

A kasuwar mako ba kowane mai tebur ne zai bar ki ki taɓa kayansa ba. Ki saurari wanda ke kiran "secmeje", ma'ana zaɓi da hannunka. Sannan ki tambayi mai sheftali ko nasa "yarma" ne. Yarma shi ne wanda in kin zagaye shi da wuƙa kika murɗa, yake rabewa biyu ƙwallon ya fita fes. Ɗaya irin, tsokarsa a manne take da ƙwallo kamar ta mangwaro, kuma shi ya fi yawa a farkon kaka. Shi ma ana gasa shi, sai dai yanka shi za ki yi gefe-gefe. Kada ki sa wanda bai nuna ba a firji. Sanyin firji yana lalata cikin sheftali ɗanye, ya fito gari-gari kamar dafaffen dankalin da ya kwana, kuma babu wutar da ke gyara wannan.

Yanzu garwashi. Ki tuna mai tsiren unguwarku da yamma. Ba ya kafa tsinke sai harshen wuta ya kwanta. Haka za ki yi. Ki bar gawayi ya ci har farar toka ta lulluɓe shi, ki baje shi, ki ɗora waya ta yi zafi sosai na kamar minti 10. Ki ɗaga tafin hannunki kamar taƙi ɗaya a saman wayar. In kin iya jurewa daƙiƙa 4 zuwa 5, wutar ta yi daidai. In daƙiƙa 2 ta kore ki, ki jira.

Mannewar da kika gani abu uku ke kawo ta: waya mai datti, waya mai sanyi, da gaggawar juyawa. Ki kankare wayar bayan ta yi zafi, ki goge ta da tsumma mai ɗan mai. Ki raba sheftalin biyu, ki bar fatarsa, don ita ce kwanon da zai riƙe shi. Ki tsane fuskar da kika yanka da takardar kicin, ki shafa mata mai kaɗan, ko man girki marar ƙamshi ko narkakken man shanu. Ni man shanu na fi so, ƙamshinsa da hayaƙin gawayi suna jituwa. Ki kifa fuskar a kan waya, ki ɗauke hannunki. Minti 3 zuwa 4 kada ki taɓa, kada ki leƙa, kada ki matsa shi gefe. A farko zai kama ƙarfen, amma da fuskar ta gasu ta yi ɓawo, da kanta za ta saki. In kin ɗan tura da cokali kika ji yana riƙe, bai kai ba, ki ƙara masa minti ɗaya.

Sukari da zuma ba sa zuwa kafin wuta. Na san girke-girke da yawa suna cewa a shafa zuma tun farko, kuma ni ma na bi su a karon farko, a gaban baƙi, na kwashe abu baƙi ƙirin a waje, ɗanye a ciki, ga ƙauri ya cika tsakar gida. Dalilin a fili yake. Sukarin da ya fi yawa a zuma yana fara ƙonewa tun zafi bai wuce digiri 110 da kaɗan ba, farin sukari kuma wajen digiri 160, alhali wayar da ke kan garwashi ta zarce duka biyun nesa. Sukarin da ke jikin ɗan itacen ya isa ya ba ki layukan nan masu ruwan ƙasa. Bayan kin juya shi ya zauna a kan bayansa, za ki ga ramin da ƙwallo ya bari ya fara tara ruwa yana tafasa. A nan za ki ɗiga rabin ƙaramin cokali na zuma, ko fekmez, wato madin inabi da ke kowane kanti a Turkiyya, da ɗan gishiri tsakanin yatsu biyu. Minti 2 zuwa 3 ki sauke da cokali mai faɗi don kada ruwan ya zube.

Mishmish ƙarami ne kuma ba shi da juriya, minti 2 a fuska, minti ɗaya a baya. Ki jera rabe-rabensa a tsinke biyu a jere maimakon ɗaya, don kada ya riƙa juyawa in kin ɗaga. Tsinken itace a jiƙa shi a ruwa rabin awa tukuna. Erik mai ƙarfi yana bin dokar sheftali, ki rage minti ɗaya. Kiraz bai dace da waya ba sam. Ki cire ƙwallayensa, ki zuba a kaskon ƙarfe da ɗan man shanu, ki ɗora kaskon a kan garwashin, ki riƙa girgizawa har su fara fashewa.

In ranar akwai gashin nama, 'ya'yan itace su zo daga baya lokacin da wutar ta lafa, amma ki sake kankare wayar. Sai dai in da naman za a ci su. Erik ko sheftalin da ya gasu a inda kitsen rago ya ɗiga, aka barbaɗa masa yajin tsire, aka ajiye shi gefen naman, yana yin aikin da tumatir da albasa suke yi a takardar mai tsire, har ya fi, domin tsaminsa yana yanke maiƙo. Na zaƙi kuma, ki ɗora masa cokali ɗaya na kaimak, wato kirim ɗin madara mai kauri, ko yogot ɗin da aka tace, wanda ya fi kusa da kindirmonmu mai kauri, ki watsa dakakken fistik na Anteb, ɗan itacen nan mai koren ciki da ake ci kamar gyaɗa, ko soyayyar gyaɗa. A ci da ɗumi.

In a bene kuke, akwai magana. Kada ki taɓa shigar da gawayi cikin ɗaki ko kicin, ko da taga a buɗe, iskar da yake fitarwa ba ta da wari kuma tana kisa. A baranda ma maƙwabta ba kasafai suke yarda ba, sannan a watannin zafi hukumomin larduna da dama kan hana kunna wuta a dazuzzuka saboda gobara. Ki nemi wuraren shaƙatawa da aka ware don mangal, wato gashi a kan garwashi. In babu hali, kaskon ƙarfe mai layi-layi a kan gas zai ba ki komai ban da ƙamshin hayaƙi.

Sai obin, da ruwan da kika ce ya fito tsululu. Sheftali kusan kashi 9 cikin 10 na jikinsa ruwa ne, 'yan'uwansa ma ba su yi nisa da haka ba. In kika tara su a kwano mai zurfi, ɗaya kan ɗaya, a wuta marar ƙarfi, ko kika rufe su, dahuwa suke yi cikin ruwan jikinsu. Abin da ake so shi ne ruwan ya riƙa ƙafewa yayin da yake fitowa. Don haka ki kunna obin ya kai digiri 200 kafin ki sa komai, ki ɗauki faranti mai faɗi marar zurfi, na gilashi ko na tangaran, ki jera su layi ɗaya, fuskar yanka tana kallon sama, da ɗan fili a tsakaninsu. Farantin alminiyam tsirara ba ya shiri da tsami, yana ba abinci ɗanɗanon ƙarfe. Ɗan gutsuren bota a kowane rami, sukari a sama, gishiri kaɗan, ba murfi. Sheftali minti 20 zuwa 25, erik wajen 20, mishmish 15 zuwa 18. Kin gama idan gefuna sun fara ruwan ƙasa, ruwan da ke ƙasa kuma ya yi kauri yana bin cokali. In 'ya'yan sun nuna amma ruwan bai kama ba, ki kwashe su, ki juye ruwan a ƙaramar tukunya ki tafasa shi minti 3 zuwa 4, ki mayar a kansu.

Tsamin kuma ba laifinki ba ne, halinsu ne. Mishmish ɗin da kika ci ɗanye kika ji shi salam, da ya ji wuta tsaminsa yake fitowa, shi ya sa ma ya fi daɗi a gashe. Erik kuwa tsaminsa a fata yake, wuta ce ke narkar da shi ya shiga cikin ruwan, tare da jan launin nan mai kyau. Saboda haka ma'aunin sukari ɗaya ba zai yi musu duka ba. A kilo ɗaya, ni ina fara sheftali da babban cokali 2, erik 3 zuwa 4, mishmish 4 zuwa 5, bishne kuwa sai abin da harshenki ya ce. Ki ɗanɗana ɗanyen kafin ki auna, ki sake ɗanɗana ruwan saura minti 5 a sauke. Ƙari yana da sauƙi, ragewa ce ba ta yiwuwa. In kuma kika gamu da sheftali mai zaƙi salam marar armashi, rabin lemon tsami zai tashe shi.

Kayan ƙamshin da ke cikin kayan da kika taho da su daga gida sun isa. Citta ɗanya da sheftali, sandar kirfa da erik, masoro kaɗan da kiraz. Kanumfari ɗaya ko biyu a faranti duka, in ya wuce haka shi kaɗai za a ji. Girke-girken Faransawa da Italiyawa sukan ce a zuba giya a ƙasan farantin. Abin da suke nema a ciki tsami ne da launi, kuma rabin kofin zoɓo mai kauri marar sukari yana ba da duka biyun, musamman da erik. Ruwan lemon zaƙi ko cokali ɗaya na nar ekshisi, madin rumman mai tsami, su ma suna yi.

Waɗanda suka yi laushi har ba za su tsaya a rabe ba, ki yi musu abin da Ingilishi ke kira krambul. Ki yayyanka gram 800, ki juya su da sukari da babban cokali ɗaya na sitacin masara, shi zai kama ruwan. Ki murje fulawa gram 150 da bota mai sanyi gram 100 da yatsu har ya zama kamar dambu, ki zuba sukari gram 80 da gishiri kaɗan. Ki barbaɗa a kan 'ya'yan ba tare da dannawa ba, digiri 190, minti 35 zuwa 40. Kada ki sauke don sama ya yi ja kawai. Sai kin ga ruwan yana ɓulɓulowa ta gefe, domin sitaci ba ya kauri sai ya tafasa. Ki bar shi ya huta minti 20 kafin a sa cokali. Dakakkiyar gyaɗa cikin hannu ɗaya a cikin garin saman tana ƙara masa gardi.

Kiraz da bishne kuma gidansu kilafuti, girkin mutanen Limuzan a tsakiyar Faransa. Ƙwai 3, sukari gram 80, fulawa gram 70, madara mililita 250, a kaɗa ya zama ruwa-ruwa kamar ƙullin fanke, a juye a kan rabin kilo na kiraz a farantin da aka shafe da bota, digiri 180, minti 35 zuwa 40. Zai kumbura a obin ya sauka in ya fito, haka yake. Mutanen can ba sa cire ƙwallon, suna cewa yana ƙara ƙamshi. Ni ina cirewa, haƙorin baƙo ya fi min wannan ƙamshin.

Tunda an zo kan ƙwallo: ɗan da ke cikinsa, mai kama da almon, yana ɗauke da wani sinadari, amigdalin, wanda ke zama gubar sayanayid a ciki idan an tauna. Za ki ga ana sayar da 'ya'yan ƙwallon mishmish a shagunan busassun kaya, na irin mai zaƙi ne da ake ci. Masu ɗaci su ne masu haɗari, kaɗan ma yana iya cutar da yaro. Kada ki fasa ƙwallayen gida ki ba kowa, kuma kada ki niƙa kiraz a blanda da ƙwallonsa.

Na bar maganar gashin nama a obin zuwa nan don shi ne zai fi shiga ran maigida, in dai irin mazanmu ne da ba sa ɗaukar kayan zaƙi a matsayin abinci. Haɗa waɗannan 'ya'yan da nama tsohon abu ne a yankin. Mutanen Halab ta Siriya suna dafa ƙwallayen niƙaƙƙen nama cikin miyar ceri mai tsami, a Maroko ana dafa rago da busasshen barƙuƙ, 'yan Jojiya kuma suna da tikemali, miyar erik mai tsami da tafarnuwa da suke ci da gasasshen nama. Mafi sauƙin farawa shi ne cinyoyin kaza da fatarsu. Ki cuɗe guda 6 da gishiri, tafarnuwa, citta, barkono da mai, ki jera a kan yankakkiyar albasa, digiri 200. Bayan minti 20 ki buɗe ki cusa rabe-raben erik ko mishmish guda 8 zuwa 10 a tsakanin naman, ki mayar na wasu minti 20 zuwa 25. In kika sa su tun farko, narkewa za su yi kafin kazar ta nuna. Ruwan da zai taru a ƙasa, na kaza da albasa da tsamin erik, shi ne miyar, ki zuba a kan shinkafa ko bulgur, wato farfasasshiyar alkama. Ki soka wuƙa kusa da ƙashi, in ruwan da ya fito fari ne tas, ta yi. Mai ma'aunin zafi ya nemi digiri 75.

Kakar ba ta da tsawo, kuma bi da bi suke zuwa. Kiraz da mishmish su ne na Yuni da Yuli, sheftali yana kaiwa Satumba, sai ƙaramin erik mai launin shuɗi-baƙi da ake kira murdum ya rufe kaka daga ƙarshen Agusta. Shi ne sarkin obin a wurina, ruwansa kaɗan ne, ba ya jiƙa ƙulli, kuma ƙwallonsa yana fita da yatsa. In kin samu da araha, ki raba su biyu, ki jera a tire su daskare a firiza, sannan ki juye a leda. Da hunturu sai ki zuba su a faranti a daskarensu, ki ƙara minti 10 a kan lokacin da na faɗa. Waya dai ba za su sake hawa ba.

Ranar da kuka koma gida kuma, hannun da kika koya ba zai tashi a banza ba. Mangwaro ɗan aure marar zare, wanda ya nuna amma bai yi luguf ba, ki yanke kumatunsa biyu da fatarsu, ki tsaga tsokar gida-gida ba tare da wuƙa ta huda fata ba, ki shafa man shanu, ki kifa a kan wayar kurfoti minti 3. Lemon tsami da ɗan yaji a kai bayan an sauke. Mai zare kuwa a bar wa yara su tsotsa.